Muryar Malam Haladu

Shekara uku ke nan da bankuna suka daina karɓar kati, sai murya kaɗai, wai don a sauƙaƙa wa makafi. Ba wanda ya tuna da irin Malam Haladu, da shanyewar ɓarin jiki ta karkace wa baki.

Da hantsi matarsa Delu ta turo shi a keken guragu gaban na'urar cire kuɗi ta kasuwa, takardar magani a hannunta.

"Faɗi sunanka," in ji na'urar.

Ya yunƙura, yawu ya zubo. Delu ta goge masa da bakin mayafi.

"Ban gane ka ba. Ga muryar mai asusun."

Sai muryarsa ta da ta fito garau, har da 'yar dariya: "Haladu ne, mijin Delu."

Wata takwas rabon Delu da jin sunanta a bakinsa.

"In aka sake kuskurewa, za a rufe asusun," in ji na'urar.

"Baiwar Allah, ku bari haka," in ji wata mata a layi. "Da me za ku sayi maganin?"

Delu ta sani. Amma kafin a rufe, ai sai an sake sako muryar.

Ta sunkuya kusa da kunnensa. "Malam, daure ka ƙara gwadawa."