Mai Jinyar Inna Yelwa

Daga Gude har Gwarzo, in ji Malam Sajo, ba a taɓa yin mijin da ya iya jinyar mace kamarsa ba. Kullum da hantsi yakan zauna a teburin Muntari mai shayi, ya jingine sandarsa ta kiwo, ya kwashe labarin wahalar da yake sha da matarsa Inna Yelwa tun da gigin tsufa ya kama ta. Muntari yakan ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba," ya ƙara masa madara. Sajo ba ya gajiya da labarin, Muntari kuma bai taɓa cewa ya ji shi jiya ba.

Wahalar kuwa ba kaɗan ba ce. Babbarta ita ce ɓata. Sajo zai fita duba shanunsa, ya yi nisa cikin gonakin dawa, sai ya waiga ya ga tsohuwa tsaye, gyale a karkace, tana cewa ta manta hanyar gida. Dole ya fasa tafiya. Da yake tsohon makiyayi ne, ya san ba a jan saniyar da ta ɓata, gaba ake sa ta a bi ta sannu. Haka yake tasa Yelwa gaba, yana yi mata faɗa, har ƙofar gida. Saboda ita, ya ce, rabonsa da ganin shanunsa har ya manta.

Sai kuma zargi. Kowa ba ta yarda da shi ba. Tuwo sai Sajo ya ci ta gani. Ruwan wanka sai ya shiga ya gwada shi da jikinsa gaba ɗaya, har da sabulu, kafin ta amince ba tafasasshe ba ne. Ashana da wuƙa duk ta ɓoye su. Ko Ikilima, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa daga Kabo duk mako, ba ta isa ta ɗaura mata abin awon jini ba sai an fara da hannun Sajo.

"Wani da tuni ya kai ta gidan 'yan'uwanta," in ji Sajo. "Ni ba haka nake ba."

Ran wata Asabar wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Dalhatu ne, autansu da ke aiki a Kano, tare da Ikilima. Sajo ya yi masa doguwar gaisuwa irin ta baƙo, har da tambayar mutanen garinsu. Wanda ya daɗe bai zo gida ba, abin da ya dace da shi ke nan.

Dalhatu ya zauna a tabarma, ya sunkuyar da kai, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya samo wuri a birni, mai tsabta, da masu kula dare da rana. Jinyar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma wanda ke yinta shi ma ƙarfinsa ya tafi. Yau yake so a tafi, kafin damina ta ɓata hanya.

Sajo ya dubi Yelwa. Tana zaune a gindin turmi tana wasa da bakin zanenta, kamar ba da ita ake ba. Tun tana budurwa mai ɗaukar ƙwaryar nono suke tare. A ce yau a saka ta a mota, a kai ta inda ba wanda zai ɗanɗana mata tuwo?

"Wa ya ce na gaji?" ya daka tsawa. "Yarinya, kawo maganin nan su ga aiki."

Ikilima ta miƙa masa ƙwaya da kofin ruwa. Ya durƙusa gaban matarsa, ya sassauta murya.

"Haɗiye, 'yar tsohuwa."

"Guba ce," in ji Yelwa, ta kau da kai. "So kake na mutu ka auri mai jan baki."

"Kun ji ko? Kullum haka muke." Ya jefa ƙwayar a bakinsa, ya bi ta da ruwa, ya wangale baki ya nuna mata. "To, na mutu?"

"Sai na ga ka kai magariba tukuna."

Sajo ya miƙe yana huci irin na wanda ya ci kokawa. Da magariba ma haka za su yi, ya ce, kuma shi zai yi nasara. A wane asibitin birni za a sami mai wannan haƙurin? Ya rantse motar nan ba za ta ɗauki ko tsintsiya daga gidansa ba. In kuɗi ne matsalar, yanzu zai koro bijimi ɗaya a sayar. Ya ɗauki sandarsa, ya wuce ta gefen tsohon garken da ciyawa ta rufe, ya miƙi hanya ba takalmi.

Dalhatu ya yunƙura zai bi shi. Yelwa ta ɗaga masa hannu. Ta tashi tsam, ta ɗauki takalman mijinta, ta tsaya gaban madubin motar ta karkata gyalenta da kyau.

"Auta, mayar da motarka, Allah ya yi maka albarka. A birnin naku wa zai riƙa yi wa babanka hauka safe da yamma don ya sha maganinsa? Ba ni hanya in je in ɓata, kafin ya kai Kabo."