Ƙuri'ar Mista Vincent

Shekarar 1976 ta girgiza ƙasa, aka tsaga jihar Binuwai-Filato gida biyu, aka raba ma'aikata da motoci, har tebura sai da aka raba. Malam Muntaka, malamin wasanni a wata kwalejin horon malamai a Lafiya, bai ji girgizar ba sai ranar da aka ce masa gurbi ya samu a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwalejoji.

Kwalejojin da suka faɗa Binuwai sun tafi da ƙwallonsu. Na Filato suka zauna a Jos suka sake lale, suka tarar saura kwaleji ɗaya wasa ya tashi daidai. Kwalejoji uku suka nema, har da ta Lafiya.

Firinsifal bai ja zance ba.

"Malam Muntaka, in sun ɗauke mu, fili naka ne muddin muna ciki. Ranar da ba ma ciki, na Malam Lawal ne."

Malam Lawal shi ne malamin aikin gona. Ya daɗe yana ratsa filin da yamma, hannu a baya, yana taka ƙasar kamar mai taya saniya. Ya sha faɗa a ɗakin malamai cewa bai taɓa ganin an wulaƙanta ƙasar doya irin haka ba.

Filin kuwa yana da halinsa. Ya ɗan karkata, ta yadda masu cin gabas gangara suke yi, masu cin yamma hawa. Da toka ake ja masa layi. Amma Muntaka ne ya tumɓuke kututturansa da hannunsa, kuma ban da shi ba shi da wani abin nunawa a duniya.

Sauran masu neman fa? Ɗaya tana da bas da rumfar 'yan kallo mai rufin kwano. Ɗaya tana da yara biyu da suka taɓa buga wa jiha. Muntaka yana da usur.

'Yan kwamiti uku suka zo dubawa. Biyu suka leƙa ɗakin kwana da bayan gida, suka tambayi nisan gidan mai, suka ci sakwara, suka koma mota suka kishingiɗa. Na ukun, Mista Vincent Akaa, malamin wasanni a wata kwaleji can ta hanyar Shandam, ya ce shi yara ya zo gani. Ya sa aka kawo masa benci bakin fili.

An gayyato samarin garin Kwandere don wasan gwaji. Daga gona suka taho, wasunsu ba takalmi. Suka zuba wa kwaleji ƙwallo biyar babu ko ɗaya, uku daga ciki suna hawan tudu. Mai tsaron gida Ya'akubu yaro ne mai ladabi, sai dai yana da al'adar runtse ido in ƙwallo ta doso shi.

Muntaka ya so ƙasa ta tsage ya shige. Amma baƙon bai tashi ba har aka hura usur na ƙarshe, kuma ko sau ɗaya bai ɓata fuska ba. Ya zo ya kama hannun Muntaka da hannu biyu.

"Malam, wannan gola naka, aji nawa ne?"

"Aji biyu, yallaɓai. Yana ɗan..."

"To yana da shekara uku gaba. Yaro yana da zuciya. Kar ka canza shi."

Kafin ya shiga mota ya ja Firinsifal gefe, amma da murya yadda kowa zai ji.

"Oga, kar wani ya ruɗe ku ku kawo koci daga waje. Wannan Malam, shi ya san yaran shi."

Ba a taɓa yabon Muntaka a gaban Firinsifal ba. Ya je gida ya faɗa wa matarsa Hannatu, ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tankaɗe.

Labarin zaman Jos ya iso kafin sakamakonsa. An ce Mista Vincent ya miƙe ya ce ƙungiya ba ta masu bas ba ce. Ya ce an daɗe ana mance kudancin jiha, ya ce wasa don zumunci aka yi shi. Da aka kawo maganar yaran da suka buga wa jiha, ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa, sai da aka riƙo shi. Lafiya ta shiga da ratar ƙuri'a ɗaya.

Muntaka ya aika wa Mista Vincent doyar garin Adogi, manya-manya.

Wasan farko ya faɗo a kwalejin Mista Vincent. Tun daga bakin titi ɗalibai suka tare motar Lafiya da ganguna. Suka tambayi wane ne Ya'akubu, suka ɗaga shi a kafaɗa har cikin makaranta. Muntaka ya goge ido da bakin riga, ya ce wa yaransa su koyi yadda ake karɓar baƙo.

Aka ci Lafiya biyu da nema. Masu gida suka rungumi juna suna kuka, aka yanka sa, aka ba da hutun kwana ɗaya. A hanyar dawowa Muntaka ya yi ta jinjina yadda mutanen nan suke son ƙwallo.

Tun da aka kafa ƙungiyar, kwalejin Mista Vincent ce ke zuwa ta ƙarshe kowace shekara, kuma daga bana duk wadda ta zo ta ƙarshe korarta za a yi.