Wuƙaƙen Mahauci

Ina cikin shanya da hantsi mahauci ya yi sallama, idonsa ɗaya a kumbure. Ya zo karɓar wuƙaƙensa. Duk ranar da jama'a za su zauna shiru a bakin titi don a sako waɗanda aka kama, wurina yake barin su, don ya san zuciyarsa.

"'Yan sanda sun sake dukanka," na ce, "kai kuma ka naɗe hannuwa."

"Zama na yi a kansu, Uwar Biyu, kada su ba ni kunya."

Na yi dariya, amma raina ya sosu. Irin zaman nan mijina ya tafi, bai dawo ba. Wani lokacin nakan ji ina ma wani ya rama, sai in yi istigfari.

Ya dubi igiyar shanya, ya dubi ƙasa.

"Ina so in je wurin kawunki. Amma ba zan daina zaman ba, gara ki sani."

Na matse zanen da ke hannuna har ruwan ya ƙare, ban daina matsewa ba.

"Da ka ce za ka daina, da na san ƙarya kake," na ce. "Je ka gan shi. Amma bari kumburin ya sace tukuna, kada Kawu ya ce ni ce."