Wanne Za Ka Ɗauka?

Tun da aka kafa dokar, ba a ba mutum kare sai karen ya ce "to" ta na'urar da ke wuyansa.

Oga Bulus ya ce gadin gonarsa nawa ne in na zo da kare kafin la'asar. 'Yan kwikwiyon da ake talla a waya sun fi ƙarfina, sai na nufi gidan karnukan da aka ceto.

Baba Jatau, mai kula da su, ya kai ni gaban wata ja.

"Daga gidan kiwo aka ƙwato ta. Tana haihuwa, ana kwashewa a sayar. Gaishe ta mana, samari, ko surukarka ce?"

Na tsuguna. "Sannu. Za ki bi ni?"

Na'urar ta ce, "Wanne za ka ɗauka?"

"Haka take ce wa kowa," in ji Baba. "Ɗauki baƙin can. Shi ko ɓarawo ya tambaye shi, 'to' zai ce."

La'asar ta kusa, amma ban tashi ba.

Na ce mata, "Ke. Ke zan ɗauka."

Sai ta waiwaya cikin kejin da babu kowa, tana neman wadda nake nufi.