Ƙuri'ar Gidan Alhaji

Da Alhaji ya buɗe ƙofa ya gane ta nan take: jikar mutanen da kakansa ya mallaka a can Tawa. Yanzu hotonta ne manne a kowane bene na unguwar Minguettes, tana takarar kujera a majalisar garin Vénissieux da ke gefen Lyon.

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda iyayenta suka saba. Bai ce ta shigo ba.

Ya yi furfura yana fatauci tsakanin Paris da Lyon, amma abin da ya sha a nono bai sake shi ba. A gidansu, irinta ba ta hawa tabarma, balle kujera.

"Yarinya," ya ce a hankali, "an ce bauta ta ƙare, na ji. Amma ni ba zan jefa wa baiwar gidanmu ƙuri'a ba."

Ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Ba komai, Alhaji. Ai baƙo ba ya zaɓe a ƙasar nan, kai takardar zama kaɗai gare ka. Wajen ɗiyarka na zo."

Ya waiwaya. Autarsa, haifaffiyar Lyon, tana sa takalmi, da damin hotunan 'yar takarar a hammatarta.