Tukwanen Bayan Katanga

Tukunya bakwai na farfasa da taɓarya a safiyar nan, ko ɗar ban ji ba.

Shekara goma sha ɗaya ba a yi kaji irin nawa a Dawaki ba. Dusa da tsaki kawai nake ba su, amma gwaiduwar ƙwansu ja ce kamar manja. Ko da kuɗin man fetur suka shigo gari, manyan ma'aikata suka koma sayo abincin kaji a buhu daga Jos, Jalo kukun gidan saukar baƙi ƙwaina yake zuwa nema. Mata suna cewa hannuna ne. Ni ma haka nake cewa.

Mijina Malam Aƙilu bai taɓa kula su ba. "Ke da 'ya'yanki masu kashi a tabarma," yake ce mini. Allah bai ba mu haihuwa ba, sai in yi dariya in ƙyale shi. Faɗanmu bai wuce biyu ba: daɗewarsa a sallar asuba har kunu ya huce, da jar ƙasar da nake wankewa kullum a gwiwar wandonsa.

Ya rasu da damina, bayan kwana shida a asibiti. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba. Kajina kam ba su san an yi mutuwa ba. Kullum da sassafe suna cunkushe a kafar ruwa ta gindin katanga, inda suka saba taruwa, suna ƙoto.

Ranar da na fita takaba na ga kajin Lois, maƙwabciyata da ta taso daga unguwar Herwagana shekara uku da suka wuce. Figaggun kaji na sani a gidanta, waɗanda ko shirwa ba ta so. Yanzu ga su ɓul-ɓul, gashi na sheƙi. Kamar wannan bai isa ba, Jalo ya ce, "Adda Hadija, ƙwan Lois ya kamo naki fa. Jiya na fasa biyu na kasa bambancewa."

Ranar ko tuwo ban ci ba.

Na sa mata ido. Gari na wayewa na hango ta a bayan katangata, durƙushe. Ta ɗaga wata tukunya da ke kife, ta kakkaɓe a ƙwarya tana 'yar waƙa a hankali. Ta zuba wani abu a gindin katangar, ta wuce gida da sauran.

Da ta tafi na matsa. Tukwane bakwai, duk nawa ne, tsagaggun da suke ɓace mini ɗaya bayan ɗaya. Wata ma tun kafin Lois ta zo unguwar na neme ta na rasa, amma ban tsaya tunanin wannan ba. A ciki akwai kashin shanu, da kara, da jiƙaƙƙen tsumma. Ko yaro ya gani ya san asiri ne: ana janye albarkar gidana zuwa nata. Shi ne na ɗauko taɓarya.

Ƙarar ta fito da ita. Na ce in na sake ganin ƙafarta a bayan katangata sai mai unguwa ya raba mu. Ta dubi fasassun tukwanen, ta dube ni.

"Adda, kanki kika yi wa," ta ce.

Sati uku aka yi. 'Yan tsakina suka fara saki fukafukai suna mutuwa. Gwaiduwa ta koɗe. Manyan su taru a kafar ruwa, su yi tsaye, su watse. Jalo ya zo sau biyu, daga nan nake jin sallamarsa a gidan Lois. Ni kuwa ba miji, ba ɗa, kajin nan su kaɗai suka rage mini.

Na shiga gidanta ba sallama. "Mayar mini da abin da kika ɗauke."

Ta ja ni bayan ɗakinta, ta durƙusa, ta ɗaga wata sabuwar tukunya ta kakkaɓe. Gara ce, fara sol, cunkus. Kaji suka yo ca a kanta.

"Ga asirin," ta ce. "A cusa kara da kashin shanu, a jiƙa, a kife a hanyar gara. Kafin safiya ta cika. Rabi ta kafar ruwa nake tura wa naki, rabi nawa, ladan durƙuso."

"Wa ya sa ki? Wa ya ba ki tukwanena?"

Ta miƙe tana kaɗe jar ƙasa daga gwiwar zanenta.

"Malam ne, ranar da na kai masa kunu asibiti. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana zuba musu bayan sallar asuba, in ci gaba, amma kada in faɗa miki. Ya ce, 'Hadija na cewa hannunta ne. A bar mata.'"