Akuyar Auta a Akwatin Gilashi

Akwatin gilashin ya ƙi rufuwa. Kafinta ya ɗaga murfin, ya gyara wa akuyar tsayuwa, ya sake mayarwa, amma ƙahonta ya tokare. Bambancin inci guda cur.

Shekara ashirin yana aikin katako, bai taɓa yanka ƙofa ta ƙi shiga gurbinta ba, sai yau akuyar yumɓu za ta kunyata shi a falonsa. Ya buɗe littafin awo. Tsayi inci biyar, da rubutun hannunsa, ranar da 'yarsa Auta ta kawo ta daga makaranta mako biyu da suka wuce. To, akuyar yumɓu girma take yi?

Auta shekararta bakwai, yarinya ce da sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarta. Wannan akuya ita ce abu na farko da ta yi da hannunta har malama ta yaba a gaban aji, kuma ranar ta shigo gida tana zuba kamar an kunna rediyo. Daɗi ya kama Kafinta, nan take ya yi mata alkawarin akwati mai gilashi ta ko'ina, wanda za a kafa a bangon falo kowane baƙo ya gani.

Ita kuwa Maman Auta ta ɗauki gadin akuyar kamar aikin gwamnati. Kwana uku da kawo ta, ta ɗauke ta daga kan tebur ta kai can saman kantar kwanuka, inda Autar ma sai ta ɗaga kai take hangowa, ta kafa doka ba mai taɓawa. Da safen nan za su tafi gidan gwaggon yarinyar su yi kwana biyu, ƙafarta ɗaya a waje ta juyo ta ce masa ya dai yi a hankali da hannun nan nasa da ya saba da guduma.

Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa. Ya zaro tef ɗin ƙarfe don ya sake awo, makullin tef ɗin ya kuɓuce, ya koma gida fyau, ya shauɗe akuya a wuya. Kafin ya miƙa hannu ta isa ƙasa.

Ya durƙusa yana salati. Gam ba zai yi magani ba, don ƙafa biyu sun zama gari. A cikin wuyan ya tsinci ƙarfen kama gashi da aka sa don ya riƙe kan, abin ya ƙara karya masa zuciya. Ji dabarar yarinya! Ba faɗan matar ya fi tsoro ba, ko da yake wannan ma ba ƙarami ba ne. Tsoronsa Auta ta ga gutsattsarin nan ta koma shirunta na da.

Ya lalubo ledar yumɓun da ta rage a ɗakin ajiya. Ya san an sayo da yawa, amma ko rabi babu. Yara da ɓarna, in ji shi a ransa.

A shago ya gane cewa yin abu a karkace ma gwaninta ne. Akuyar farko ta fito da ƙafafu huɗu daidai wa daida kamar na tebur, don hannunsa bai san wata hanya ba. Ya murƙushe ta. Ta biyu ta fi kama da kare mai ciwon haƙori. A ta uku ya koma aiki da hannun hagu, ya rufe ido ɗaya, sai ga akuya mai ƙaho ɗaya sama ɗaya gefe, ciki kamar ta haɗiye ƙwallo. Ya yi ta inci biyar cif, tunda dai akwati ba zai bi akuya ba.

Ya shanya ta a kan rufin shago, yana hawa tsani yana sauka. Wani da ya zo karɓar kujerunsa ya tambayi ko rufin ne ke yoyo, Kafinta ya ce ƙwarai kuwa, ana kan gyara. Washegari ya shafa fenti, ya bar shi ya ɗan zuba a gefe da gangan, ya rufe akwati, ya kafa a bango.

Da suka dawo yana tsaye a falo yana goge gilashin da ba shi da ƙura. Mara gaskiya ko a ruwa gumi yake yi. Maman Auta ta yi wa akuyar kallo ɗaya daga bakin ƙofa, ba ta matsa kusa ba, ta shiga yabon katako da santsinsa da yadda aka haɗa kusurwa, yabon da bai taɓa samu ba ko ranar da ya yi mata gado. Har ta ce bari ta kawo masa ruwa mai sanyi.

Auta kuwa ta nufi akwatin kai tsaye. Ta jawo kujera ta hau, ta manna hanci da gilashi. Ta dubi ƙaho, ta dubi ciki, ta leƙa ta gefe ta dubi wutsiya. Kafinta ya ajiye tsumman goge gilashin. Ya yanke shawarar ya faɗi gaskiya kawai, a yi wacce za a yi. Ya buɗe baki ke nan, uwar ta shigo da kofi a hannu, yarinyar ta juyo tana murmushi.

"Baba, taka ta fi ta Mama kyau. Ita da ta fasa tawa, ko kunne ba ta iya yi ba."